Na biya bashin gidana saura shekara huɗu: yadda muka ƙare da banki

Ni malamin Faransanci ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati nan Maraɗi, shekarata 17 ina shan ƙurar alli. A 2018 na ci bashin miliyan 6 na sefa a bankin da albashina ke faɗawa, na ƙarasa ginin da na soma a unguwar Zariya, aka riƙe takardar gidan jingina. Yarjejeniyar ta shekara 10 ce, ruwa kashi 9 cikin ɗari, ana cire jika 76, wato sefa dubu 76, duk wata tun albashin bai iso hannuna ba, ban da ɗan kuɗin asiransi, wato inshora. Sunan bankin kam ba zan faɗa ba. Maganata akwai yabo akwai suka, kuma mutanen da ke aiki ciki muna haɗuwa wajen suna da jana'iza.

Abin da ya tayar da zancen, bayan an sake buɗe iyakarmu da Najeriya a watan Maris na 2024, wani tsohon abokin aikina da ke koyarwa a Abuja ya kira ni ya ce makarantarsu, ta kuɗi ce, tana neman malamin Faransanci, da ɗakin kwana da abincin rana. Raina ya biya. Sai dai ma'aikacin gwamnati in zai tafi irin wannan, hutun da babu albashi yake nema, wanda muke kira disfonibilite, kuma ranar da albashi ya tsaya, ranar igiyar da banki ya ɗaure ni da ita ta tsinke. Ga kuma naira. Tun da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023 ta yi ta gangarawa, har jika guda tamu ta haura naira dubu biyu, alhali sefa tana nan ɗaure da yuro, yuro guda a kan sefa 655 da ƴan kai, ba ta motsi. Jika 76 ɗina sun zama sama da naira dubu 150 duk wata, kuma ba wanda zai rantse maka cewa nan za ta tsaya. Mai cin albashi da naira yana biyan bashi da sefa, ɗiban ruwa yake da kwando.

Na je bankin wata Talata a tsakiyar watan Mayu. Wanda duk ya taɓa shiga banki a Maraɗi daga 25 ga wata zuwa 5 ga na gaba ya san dalilin da ya sa na zaɓi tsakiya: ranakun albashi layi har bakin titi yake kaiwa, ƴan kabu-kabu suna cin kasuwarsu. Mai gadi ya nuna mini buron bashi, na tarar da wata Hajiya mai gilashi, ta haura shekara arba'in. Ita ce dalilin da ya sa wannan rubutun bai zama zagi ba.

Na ce, "Hajiya, so nake in biya abin da ya rage gaba ɗaya in huta."

Ta ce, "Mushe, zauna tukuna. Ka taɓa duba tablonka?"

Ban taɓa ba. Takardar, wadda ke nuna lissafin biyan bashin wata-wata, tana cikin dosiyena shekara shida, ni mai koya wa ƴaƴan mutane karatu ban karanta ta ba. Ta buga sabuwa, ta ɗauki biro ta bi layi-layi da ni. Watan farko, cikin jika 76 da aka cire, jika 45 ruwa ne, 31 kaɗai suka taɓa uwar kuɗin. Da yake ana lissafa ruwan kan abin da ya rage ne, yana da kauri a farko, yana sirancewa a ƙarshe. Ruwan shekara goma duka miliyan 3 da jika 120 ne, kuma a shekara shidan da suka wuce na riga na zuba musu sama da miliyan biyu da rabi. Uwar kuɗin da ta rage miliyan 3 da jika 54. In na ci gaba da biya wata 48, ruwan da zan ƙara bayarwa bai kai jika 600 ba. In na biya yanzu, akwai tarar biya kafin wa'adi, kashi 2 cikin ɗari na ragowar, a shafi na uku na yarjejeniyar da na sa wa hannu da kaina.

Ta cire gilashin ta ce, "Ka ga, in don gudun ruwa ne, ka makara, mun riga mun sha mai yawan. Abin da za ka tsira da shi jika ɗari biyar da ɗoriya ne cikin shekara huɗu. In kuwa don tafiyarka ce, wannan wata magana ce."

Ban zaci jin haka daga bakin ma'aikaciyar banki ba. Har wasu hanyoyi ta kawo mini: in biya rabi a rage abin da ake cirewa duk wata, ko in zuba kuɗin a asusuna su riƙa ɗiba da kansu, in wata larura ta taso ina da abin taɓawa. Wannan ta biyun ita maman yara ta so. Cewa ta yi za ka sayar da ƙasa ka sayi takarda, ka tafi ƙasar mutane aljihu wayam, in yaro ya kwanta ciwo fa? Tana da gaskiyarta. Kuɗin nan rabona ne na gonar gado da ke wajen Tibiri, da ɗan abin da muka tara ni da ƙanena a sayen aya muna ajiyewa ta yi tsada. Amma na san halina, na san dangina. Miliyan uku a asusu, ga biki ga rashin lafiya ga "Yaya a taimaka", ba za su ga shekara biyu ba, sai a wayi gari ba gona, ba albashi, banki na zancen gida. Akwai kuma abin da ban cika faɗa ba: tun ranar da na sa hannu maganar riba take ci mini rai, duk sanda liman ya taɓo ta a huɗuba sai in sunkuyar da kai. Na ce a biya.

Daga nan ne daɗin ya ƙare. Reshen Maraɗi ba ya yanke komai, ko adadin da zan biya sai Yamai ta faɗa. Na rubuta takardar neman izini, aka ce mako guda. Mako biyar aka yi. Wayar buron ba a ɗauka, in an ɗauka a ce dosiyen yana sama, ko rezo, layin sadarwar na'urorinsu, ya ɗauke. Zuwa da kai ya fi aike, sau shida na tako ƙafata tsakanin darasi da darasi. Kafin amsa ta zo an cire na watan Yuni, aka sake lissafi, na biya miliyan 3 da jika guda, da tara jika 60, a farkon Yuli. Ƙarshen Yuli kuma sai ga saƙo a wayata an sake cire jika 76, bashin da na riga na kashe. Wai ba a tsayar da umarnin cirewa a na'ura ba. Hajiya ta ba ni haƙuri, ta rubuta musu a gabana, amma sai da kuɗin suka yi mako uku kafin su dawo, kuma ba wanda ya ce mini ga ko dala ta ɓata lokaci.

Abin da ba a gaya mini da wuri ba, kuma shi ya fi ba ni haushi, biyan kuɗi bai sakin gida. Sai banki ya ba da takardar sakin jingina, su suna ce mata manlebe, a kai wa notar, jami'in da ke tabbatar da takardu a shari'ance, a je ofishin filaye a soke jinginar daga rajista, kuma kuɗin wannan duka daga aljihunka. Wanda ya karɓi rasit ya tafi gida yana murna, ranar da ya tashi sayarwa ko magada suka tashi rabo zai tarar sunan banki na nan liƙe. Da an rubuta matakan nan a takarda guda an manna a bango, da na haɗa su tun watan Mayu. Na nemi takardar shaidar cewa ba sa bina komai ma, ita ma da kuɗinta.

Wanda ke da irin niyyata, ya nemi tablonsa tun kafin ya sayar da ko akuya, ya duba shafin tara, ya soma takardu wata shida kafin ranar tafiya, kuma kada ya nemi hutun barin aiki sai takardar gida ta shigo hannunsa. Ma'aikatan reshen ba ni da ƙorafi a kansu, Hajiya kam ko gobe ƙanena zai ci bashi wurinta zan tura shi. Tsarin da ke bayansu ne ke tafiyar hawainiya.

Takardar gidan ta dawo ƙarshen Satumba. Makarantun Najeriya sun riga sun koma, ta Abuja ta ɗauki wani ɗan Benin, suka ce in sake tuntuɓarsu baɗi. Farkon Oktoba na koma ajina na nan, ɗalibai 80 da ƴan kai. Maman yara ta naɗe takardar cikin leda biyu ta sa a ƙasan akwatinta, ta ce ko Abuja ko Gabon zan tafi, wannan ba ta bin ni, kuma jika 76 ɗin da suka dawo cikin albashi ita za ta riƙa karɓa har sai an mayar da gona.