Tangaran ɗin Ru ko na Longquan: wanne ya fi?

Dukansu tangaran ne masu launin kore-kore na ƙasar Sin, irin da ake kira seladon. Launin yana fitowa ne daga ɗan sinadarin ƙarfe da ke cikin ruwan shafen, idan aka gasa yumɓu a matoya da aka tauye wa iska. Sinawa sun so shi domin yana kama da koren dutsen nan mai daraja da suke girmamawa.

Na Ru kayan fada ne. An yi su a lardin Henan wajen shekarar 1100, zamanin Daular Song ta Arewa, kuma aikin bai daɗe ba. Yau waɗanda suka rage ba su kai 100 ba. Launinsu ya karkata zuwa shuɗi, da siraran tsage-tsage a jiki. A 2017 an sayar da wani ɗan ƙaramin kasko na wanke alƙalamin rubutu a Hong Kong kan dala miliyan 37.7.

Na Longquan kuwa, daga lardin Zhejiang, kayan fatauci ne: masu kauri, masu jure tafiya. Wani jirgin ruwa da ya nitse a gaɓar Koriya wajen 1323 yana ɗauke da dubbansu. An tono gutsattsarinsu a Fustat ta Masar da Kilwa ta Tanzaniya. Sarakunan Usmaniyya na Turkiyya sun tara su a fadar Topkapi da ke Istanbul, har ana raɗe-raɗin wai farantin kan tona asirin guba a abinci. Camfi ne, amma ya ƙara masa farashi.

Ni dai Longquan na fi so. Ru ya zauna a fada, shi kuwa ya ci kasuwar duniya.