Sun gyara mana fili, amma sun sare mini zogale

Wata biyar ke nan da muka ɗauki kamfanin nan na gyaran harabar gida a tsibirin Sanibel da ke jihar Fulorida ta Amurka, kuma har yau idan maigida ya ce tauraro nawa zan ba su na makin aikinsu, sai in ce ya bari in leƙa bayan kicin tukuna.

Mazauna nan sun san ba kowane mai injin yankan ciyawa ake kira ba. Akwai katin shaidar sanin tsirrai na hukumar gari, kuma waɗannan suna da shi, maƙwabciyata ma ta yabe su. Filinmu kuwa tun guguwar Ian ta Satumban 2022, wadda ta karya gadar da ta haɗa mu da Fort Myers, bai koma daidai ba. Ruwan teku ya kwanta a kansa, gishiri ya ƙone ciyawa. Muna ɗan farfaɗowa sai guguwar Helene da ta Milton suka sake jiƙa mu a 2024. Abin da ya ƙi mutuwa shi ne itacen nan mai ƙananan jajayen 'ya'ya da suke kira Brazilian pepper, wanda doka ta ce dole a kawar da shi don yana danne tsirran asalin tsibirin. Aikin da na kira su ke nan.

Ga inda aka yi ta. Ina da zogale guda ɗaya a bayan kicin. Wata 'yar Haiti da muke aiki tare a asibiti ce ta yanko mini reshe, na dasa bayan Ian, na yi ta ba shi ruwan famfo kamar jariri har ya wuce rufin ɗaki. Daga shi nake miya, daga shi nake kwaɗo duk ranar da ƙuli-ƙuli ya iso daga gida. Ranar da shugaban ma'aikatan ya zo duba fili, da kaina na kai shi gindinsa, na ce wannan kada a taɓa. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a wayarsa. Don in ƙara tabbatarwa, da yamma na yagi jan ƙyalle na ɗaura a jikin itacen. Ashe su a wajensu duk itacen da aka ɗaura wa ƙyalle mai launi, shi ne na sarewa.

Na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe takwas, ina fitowa daga mota na ga hasken rana ya cika tagar kicin, abin da ban saba gani ba. Na zagaya. Zogalena na kwance, an riga an daddatsa shi, ganyen duk ya zube a yashi, wani yaro kuma ya durƙusa a gaban kututturen da kwalbar maganin da suke shafa wa itacen da aka sare don kada ya sake tohowa. Innalillahi! Ban san lokacin da na yi masa tsawa da Hausa ba. Ya miƙe a tsorace, kwalbar a hannu, bai kai ga shafawa ba. Da na tsaya sayen burodi a hanya, da shi ke nan.

Shugaban bai zo ba sai da rana. Ya ba da haƙuri, gaskiya, amma haƙurin da ke ɗauke da "ai ke kika ɗaura ƙyalle". To na ɗaura, amma kai da na nuna maka, me ka rubuta a wayar? Ya ce zai dasa mini itacen gumbo limbo kyauta a madadinsa, wai ɗan asalin tsibirin ne, yana jure gishiri da iska. Na ce, Malam, ana miya da shi? Ko sisi bai rage mini a kuɗin aikin ba.

Na yi niyyar korarsu a makon. Maigida ne ya ce, "Hajiya, ki bari su gama abin da muka biya." Kuma cikin wannan zaman ne suka yi abin da ya sanyaya mini rai. Suna share gefen shinge sai suka ci karo da ramin kunkurun tudu, irin wanda dokar Fulorida ta hana a taɓa shi ko raminsa. Ina kallo ta taga, yaron nan dai da na yi wa tsawa ya kashe inji, ya kira sauran. Suka kewaye wurin da 'yan tutoci, suka ƙarasa aikin gefen da hannu, da almakashi, cikin ranar nan mai zafi. Ba wanda ya sa su, ba su ma san ina gani ba. Kunkurun yana nan, da hantsi yakan fito ya ci ciyawa.

Haka da na matsa a watan Agusta su zuba wa filin takin zamani, suka ƙi. Suka ce gari ya hana a damina, domin ruwan sama na wanke shi zuwa teku ya ciyar da gansakukar da ke kashe kifi. Na ji haushi a lokacin, amma tsirran da suka dasa a madadin ciyawar sun kama ba tare da taki ba, kuma kuɗin ruwanmu ya sauka. Nan kam sun san aikinsu, har na fara cewa tauraro huɗu.

Sai dai takardar kuɗinsu. Kowace zuwa sai sun saka mini kuɗin gada, har ranar da na gan su da idona sun fito daga gidan maƙwabciyata sun shigo nawa. Gada ɗaya, mu biyu muka biya? Wanke injin esi na waje da ruwan daɗi, wanda yana cikin yarjejeniya saboda iskar gishiri, sau ɗaya na ga an yi, ga tsatsa nan ta fara cin ƙasansa.

Zogalen ya toho, ka san halinsa. Rassa shida suka fito daga kututturen, kore shar, har na ɗauki hoto na tura wa yayata a Kano. Mako biyu bayan nan aka turo sabon ma'aikaci da injin datse ciyawa, ya bi ta kansu ya aske tas. Wannan karon babu ƙyalle, babu abin da za a ɗora mini.

Yanzu na kewaye kututturen da waya, na rataya allo da Turanci da Sifaniyanci. Ya sake fitar da rassa uku. Tauraro biyu na ba su, ɗaya na kunkuru ne. Ranar Talata za su dawo, na riga na musanya aikin dare da wata don in kasance a gida.