Daga Landan zuwa Kano: maganar tawul, kaki da fentin mota

Assalamu alaikum ƙanina. Ya gida, ya Hajiya da yara? Ka gaishe min da kowa da kowa.

Na ga jerin kayan da kake so in taho maka da su idan zan zo ƙaramar sallah, saboda wajen wankin motar da ka buɗe. Abin da ka sa a kan gaba shi ne seramik, wato ruwan kariyar nan da ake shafa wa fentin mota ya daskare a kai, har ka ja layi a ƙarƙashinsa. Kafin in kashe ko fam ɗaya, bari in faɗa maka abin da shekara shida na tuƙin tasi a garin nan suka nuna min, don ina ganin akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Motata ta farko a nan baƙa ce. Da yake fasinja ba ya son shiga mota da datti, kusan duk kwana biyu nake kai ta wani wajen wanki na inji, irin wanda za ka shigar da mota manyan burushi su yi ta juyi a kanta. Wata huɗu kacal, wata rana na faka a ƙarƙashin fitilar gidan mai da daddare, sai na ga bonet ɗin duk zane-zane sirara kamar saƙar gizo-gizo. Wallahi raina ya ɓaci sosai. Wani dattijo mai gyaran fenti ya ɗora wata ƴar na'ura a jikin ƙofar ya auna min. Fentin mota gaba ɗaya, daga ƙarfe zuwa sama, kaurinsa yakan kama maikuron 100 zuwa 150 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kuma ɓawon sama mai sheƙin nan bai wuce 40 zuwa 50 ba. Bai kai kaurin silin gashin kanka ba. A kan wannan ɗan ɓawon muke dirza tsumma. Duk lokacin da aka yi folish don a kawar da ƙarce, daga jikinsa ake kankara, kuma ba ya tsirowa.

Daga ranar na fara tuna yadda muke yi a gida. Bokiti ɗaya, omo, tsohuwar singileti. Yaro ya wanke taya da ita, ya tsoma a ruwan, ya hau kan rufin mota. Da hunturu kuwa, mai gida ya fito da safe ya tarar da ƙura ta lulluɓe motar, ya ɗauko busasshen tsumma ya share. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, gogarta a bushe da dirza samfefa duk ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga motar Kwatano ta shigo tana walƙiya, kafin shekara biyu ta koɗe, mu ce rana ce. Rana tana da nata laifin, amma hannunmu ya fi ta ɓarna. Omo kuma an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka duk wani kaki da ka shafa, wanki ɗaya ko biyu zai ɗauke shi.

A nan masu kula da mota bokiti biyu suke ajiyewa, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da wata raga a gindin bokitin da ke riƙe tsakuwa a ƙasa. Daga sama ake farawa, taya ce ƙarshe, kuma sosonta daban. Wannan ba ya buƙatar komai daga Ingila, gobe ma za ka iya farawa.

Inda suka yi mana nisa shi ne wajen busarwa. Ruwan famfon Landan yana da alli sosai, in ka bar shi ya bushe da kansa sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo a jikin mota da gilas, irin wanda ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari a can. Dole a tsane shi da wuri, kuma a nan ne ake yawan yi wa fenti rauni. Na fara da fatar goge mota irin wadda muka sani, na daina, domin ba ta da gashi. In ƙwayar yashi ta maƙale tsakaninta da fenti, jan ta za ka yi ta yi har ƙarshen ƙofa. Tawul ɗin maikurofaiba, mai siraran zare masu laushi, shi ne magani. Ana auna kaurinsa da giram a kowace murabba'in mita: na goge gilas da cikin mota wajen 300, na tsane ruwa daga 500 har sama da 1,000. Mai murɗaɗɗen zare nake amfani da shi. Shimfiɗa shi kawai nake yi a kan bonet, in kama gefe biyu in jawo a hankali, sai wurin ya bushe ƙayau ba tare da na danna ba. Guda ɗaya yana gama min mota. Sai dai yana son kulawa: a wanke shi shi kaɗai, ba da ruwan zafi sosai ba, kada a sa masa maganin tausasa tufafi, kuma in ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Wannan ne nake jin zai fi ba ka wahala da yaranka.

Akwai kuma wani ruwa da ake fesawa a jikin mota tun tana jiƙe, fesa biyu a kowace ƙofa, tawul ya riƙa sulɓi, ya kuma bar ɗan sheƙi da kariya. Turtle Wax da Meguiar's na Amurka da Autoglym na nan Ingila duk suna yin irinsa, kuma a shagunan Halfords ake samun su ba wahala. Wasu ma da injin hura iska suke korar ruwan daga madubi da ramukan fitila, amma da halin wutarmu ban ce ka dogara da shi ba.

To, maganar kariya. Kakin karnuba daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil ake samo shi. Sheƙinsa a kan baƙar mota babu kamarsa, amma ko a sanyin nan makonni yake yi zuwa wata biyu. A ranar Kano ta watan Afrilu, wadda ba ka iya ɗora tafin hannu a bonet, ban ga zai kai haka ba. Na haɗin sinadari ya fi juriya, yana yin wata huɗu zuwa shida, kuma shi na fi ganin ya dace da kai.

Seramik ɗin da kake so gaskiya yana da kyau, yana yin shekaru, datti ba ya kama shi sosai. Amma ba ya hana ƙarce, ba ya tare tsakuwa, ko da an rubuta 9H a kwalin. Wannan ma'aunin taurin fensir ne. Sai an yi wa mota folish tsaf kafin a shafa, in ba haka ba ka rufe tabon a ƙarƙashinsa. Yana kuma buƙatar ɗaki rufaffe, ba ƙura ba ruwa na aƙalla yini guda. Ka duba rumfarka a bakin titi cikin hazo ka ga ko zai yiwu. Abin da ke tare tsakuwa wata leda ce mai kauri da ake mannawa a gaban mota, ita kuwa kuɗinta a nan ya wuce fam dubu.

Kar ka manta su nan gishiri suke yaƙa. Da sanyi ana watsa shi a tituna saboda ƙanƙara, mafi yawa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire, yana cin ƙasan mota da tsatsa.  Namu abokan gaba ƙura ne da rana da kashin tsuntsu da jemage a gindin darbejiya da mangwaro, wanda in ya yini a kan fenti mai zafi sai ya bar tabo.

Saboda haka ga abin da zan sako in sha Allahu: manyan tawul shida, ƙanana ashirin kala biyu don kada a haɗa na taya da na jiki, soso mai gashi huɗu, da ragar bokiti. Sabulun mota da ruwan fesawa suna da nauyi a jaka, ka fara leƙa Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ka turo min hoton abin da ka samu da farashinsa. Kafin in iso, ka sa a ƙara wa rumfar nan faɗi ta ɓangaren yamma, yadda mota biyu za su shiga inuwa da la'asar.