Hattara masu lambu a Legas: ana yawo da maganin ƙwari na bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu na Ojo, Iba, Ikorodu da Badagry, da 'yan gwari na Mile 12. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya isar wa na kusa da shi.

Akwai wasu mutane da ke bin lambuna da sassafe, ɗauke da wani ruwa a gorunan roba marasa takarda. Sukan ce maganin ƙasar waje ne da ya fito daga tashar Apapa, wai babu ƙwaron da ba ya kashewa. Suna jin Hausa sarai, su gaishe ka da "Alhaji, ya aiki?", su nuna maka bidiyo a waya, sannan su fesa a kunya guda a gabanka. Tsutsa takan zubo nan take, domin gorar gwaji daban take. Wadda za a ba ka bayan ka biya, ko dai an tsinka ta da ruwa ba ta aikin komai, ko kuma haɗin fiya-fiya ne mai warin kananzir. Maƙwabcina a fadama ya saya ya fesa wa alayyafonsa da lalo. Kafin mako ya zagayo gefen ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, lambar wayar da suka bar masa kuma a kashe. Wasu ma an karɓi kuɗinsu ta banki a kan za a kawo jarka, har yau shiru.

Ƙaryar tana cikin maganar "yana kashe komai". Wanda bai sunkuya ya juya ganyenka ya duba ba, da me ya san abin da ke cin lambunka? Ɗauki sharon, tsutsar tumatir da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Cikin naman ganye take shiga, ta bar farin tabo shara-shara da ɗigon baƙin kashi a ciki, ta kuma huda ɗan tumatir ta wajen hancinsa. Abin da aka watsa a saman ganye da wuya ya kai gare ta, kuma tana saurin sabawa da magani idan aka nace wa iri ɗaya. Farin ƙuda kuwa a bayan ganye yake zama, ka girgiza shuka ya tashi fari fat. Shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma shukar da ta riga ta kamu babu feshin da zai dawo da ita, sai dai a tuge. Darɓa tana taruwa a sabon toho, ganye ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ita kam ruwan 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu kan rage ta sosai idan aka fara da wuri. In kuma shuka na yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, tuge ɗaya ka duba saiwa. Idan ta yi ƙulli-ƙulli, matsalar a ƙasa take, feshin ganye asarar kuɗi ce kawai.

Abin da ya fi damuna ba asarar ba ce. Alayyafo makonni kaɗan yake yi a yanke shi, gobe yana tukunyar wani, ƙila ta 'ya'yanmu. Maganin gaske yana da takarda da ke faɗin kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a yi yanka. Gorar da ba takarda wa zai gaya maka? Gubar da ke cikin fiya-fiya, dichlorvos, ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015.

Ku sayi magani a shagon da za ku iya komawa, a kwalbarsa ta asali da murfi a liƙe. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da sunan sinadarin da ke ciki, da ranar lalacewa. In da hali a tafi da ganyen da ƙwaron ya ci a leda a nuna. Kada a tura wa kowa kuɗi kafin a ga kaya.

Wanda ya riga ya saya ya daina fesawa, kada ya zubar a rijiya ko kwata, kada kuma ya bar gorar inda yaro zai ɗauka ruwan sha ne. Ya ajiye ta shaida, ya sanar da shugaban masu lambu na yankinsa, a kai ƙara NAFDAC. Duk wanda ya yi feshi ya ji yawu na zuba, ga gumi da amai ko numfashi na sarƙewa, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da gorar.