Sharhi kan ƙafa-uku mai hawa da sauka na ɗora leza a wurin gini

Leza ita ce na'urar da ke haska layin lebur a wurin gini, a kan ƙafa-uku ake ɗora ta. Wanda na yi aiki da shi na alminiyam ne, mai ginshiƙi a tsakiya da ake murɗa hannu ya ɗaga kan ko ya sauke shi. Ba na babban kamfani ba ne, amma ajinsu ɗaya da Bosch BT 300 HD, wanda ke tashi daga santimita 122 zuwa 295. Ya yi aikin fitar da lebur na fandisho, da layin mita ɗaya a bango, da layin silin. Hukuncina: ya cancanci kuɗinsa, amma ba don tsayin da aka rubuta a kwali ba.

Kafin a yi ciniki a duba sukurun da ke kansa. Iri biyu ne. Manyan leza masu juyawa da kayan safiyo suna hawa kan mai inci 5/8, wato wajen milimita 16, ƙananan leza masu layi kuwa yawanci inci 1/4 ne, irin na kyamara. Wannan 5/8 ne, don haka ƙaramar leza sai da adafta. A sayi na ƙarfe ko na tagulla, na roba yana saki. Kada kuma wani ya ce zai haɗa da noti na M6 daga wurin masu kayan gyara. A ido kamar ɗaya suke da 1/4, amma tazarar zarensu ta bambanta, milimita 1 da 1.27, zagaye biyu ko uku zai shiga sannan ya cije, idan aka tilasta shi ya cinye zaren gindin lezar.

Inda na fi so a tsaya shi ne makullin ginshiƙi. Leza mai daidaita kanta tana gyara karkata, digiri 4 a yawancin masu layi, wajen 5 a masu juyawa. Amma ba ta san nutsewa ba. Idan ginshiƙi ya zame ƙasa da milimita 3, layin zai fito a miƙe tsaf, lebur ɗinsa daidai, sai dai duk ɗakin ya sauka da milimita 3 ba tare da wata fitila ta yi ƙyafta ba. Wasu masu juyawa suna da gargaɗin girgiza, to amma zamewa a hankali kan wuce ba su ji ba. Mai tayil ne zai gano daga baya, a bakin ƙofa, inda aikin safe ya haɗu da na yamma.

A wannan ƙafa-ukun, hannun murɗawa kaɗai ba ya riƙe nauyin leza mai kilo biyu. Dole a ɗaure makulli, kuma ɗaurewar kanta takan motsa kan da milimita ɗaya ko biyu. Akwai kuma ɗan wasa tsakanin haƙoran ginshiƙi da giyar da ke tura shi. Maganinsa shi ne kullum a zo wa alama daga ƙasa: idan an zarce, a sauka ƙasa da ita sannan a sake hawa, a ɗaure, a sake duba layi bayan ɗaurewa. Sannan a buga alama da fensir a jikin fila ko bangon da ba za a taɓa ba, a riƙa komawa kanta bayan kowane hutu da duk lokacin da wani ya wuce da baro kusa.

Tsayi kuwa a fara samo shi daga ƙafafu. A buɗe su a zaro su, ginshiƙi ya zama na cike santimita 20 ko 30 na ƙarshe. Idan aka murɗe shi har ƙarshe, nauyi ya koma sama kan bututu ɗaya, iskar hunturu kaɗan ta isa ta sa layi rawa. Rawar da ba a gani a kan na'ura tana girma da nisa: karkatar minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, ta kai kusan milimita 9 a nisan mita 30. Don aikin silin a cikin ɗaki, sandar da ake tokarewa tsakanin ƙasa da rufin ɗakin ta fi shi natsuwa, ba ta kuma cin wuri.

Ƙafafunsa masu tsinin ƙarfe ne da matakin dannawa. A ƙasa mai tauri suna kama da kyau. A kan cikon yashi ko jar ƙasar da ba a daddage ba, suna ci gaba da nutsewa bayan an saita, sai an taka kowace ƙafa da ƙarfi ko a sa katako a ƙarƙashi. A kan tayil da kankare mai santsi tsinin yana sulɓewa, nan ne sarƙar da ke haɗa ƙafafun uku ke da amfani, kuma kada a sayi wanda ba shi da ita.

Zafin rana yana miƙa alminiyam da wajen milimita 0.023 a kowace mita kan kowane digiri. A tsayin mita biyu da rabi, ƙarin digiri 15 daga safe zuwa azahar bai cika milimita ɗaya ba. Ba abin damuwa ba ne a aikin bulo.

Abin da ke kashe shi da wuri shi ne giris. Ƙura da garin siminti suna manne masa a haƙora su zama kamar sanfefa, wasan ya ƙaru. A share da busasshen buroshi bayan aiki, a fesa man silikon kaɗan. Maɗauran ƙafafu suna da noti na saiti, idan an danna ƙafa ta zame bayan an kulle, rubu'in zagaye ya isa. Kumfar lebur da ke kansa ta kusantarwa ce kawai.

A shago, a zaro ginshiƙin zuwa rabi, a kulle, a danna kan da tafin hannu sannan a girgiza shi gefe da gefe. In ya sauka ko ya yi ƙara, a ce a kawo wani.