Hayu: Manhajar da Ke Sayar da Gulma da Ɗuminta

Gulma ba ta jure kwana. Labarin da ya tayar da ƙura da daddare, kafin rana ta take washegari ya riga ya zama tsohon zance, kuma wanda ya zo da shi a makare ba abin da yake samu sai kallon tausayi daga waɗanda suka riga shi ji. A kan wannan hali na ɗan'adam kamfanin NBCUniversal ya gina manhajar Hayu, wadda ya ƙaddamar a watan Maris na 2016 a Birtaniya da Ireland da Ostareliya, kafin ya kai ta Kanada a 2018, da kuma wasu ƙasashen Turai da Asiya. Babu fim a cikinta, babu labaran duniya, babu wasan ƙwallo. Abin da ta tara shi ne shirye-shiryen rayuwar zahiri, wato waɗanda ake bin mutane da kyamara ana ɗaukar zamansu da faɗansu da shiryawarsu, kuma mafi yawansu daga tashoshin Bravo da E! na Amurka suke fitowa. Babban alkawarinta shi ne cewa yawancin sababbin kashi-kashin shirye-shiryen suna isowa a ranar da aka nuna su a Amurka. Na shafe watanni ina amfani da ita, kuma abin da na fahimta shi ne wannan alkawari, ba tarin shirye-shiryen ba, shi ne ainihin hajar da mutum yake biyan kuɗin wata dominta.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa bibiyar irin waɗannan shirye-shirye. Kallon kansa rabin nishaɗin ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin hirar da ke biyo baya, inda abokai ke rarrabuwa gida biyu a kan wa ke da gaskiya, ana tsefe kallon da wance ta yi wa wance, ana fassara shirun da wane ya yi lokacin da aka jefa masa tambaya. Wanda sai bayan mako uku yake ganin kashin da kowa ya gama tattaunawa, ya yi asarar wannan rabin, kuma kafafen sada zumunta sun riga sun faɗa masa ƙarshen labarin ko yana so ko ba ya so.

Babu misalin da ya fi fito da wannan kamar abin da ya faru da shirin Vanderpump Rules a 2023. Shirin ya fara ne a 2013, yana bibiyar ma'aikatan gidan cin abinci na Lisa Vanderpump da ke West Hollywood, kuma bayan shekara goma mutane da yawa sun fara ganin ya tsufa. Sai ga shi a farkon watan Maris na 2023 shafin labaran taurari na TMZ ya fasa ƙwai cewa Tom Sandoval, ɗaya daga cikin taurarin shirin, ya daɗe yana soyayya a ɓoye da Raquel Leviss, ƙawar budurwarsa Ariana Madix, alhali shi da Ariana sun yi kusan shekara tara tare. A lokacin an riga an kammala ɗaukar zango na goma, amma masu shirin suka maido da kyamarori da gaggawa domin kada abin ya wuce su. Abin sha'awar shi ne, tsofaffin kashin da aka ɗauka tun kafin asiri ya tonu suna ci gaba da fitowa mako-mako, sai masu kallo suka koma 'yan sandan ciki, suna bin kowane murmushi da kowace raha suna neman alamar da ta wuce su a baya. Da aka kai zaman ƙarshen zango a watan Mayu, inda ake tara taurarin shirin su tattauna abin da ya faru, wanda aka raba shi kashi uku, zancen ya riga ya fita daga hannun masu bibiyar shirin ya shiga manyan jaridu. Wanda ya kalli waɗannan kashi uku a ranakun fitowarsu ya sha hirar da ɗuminta; wanda ya kalle su yau zai ga mutane ne kawai suna ɗaga wa juna murya a kan kujerun alfarma. Ita kuwa Ariana Madix, abin ya zame mata gobarar Titi, domin a 2024 ita aka ba jagorancin shirin Love Island na Amurka.

Ta fuskar tsofaffin kaya, rumbun manhajar yana da zurfi. Keeping Up with the Kardashians ya fara a tashar E! a watan Oktoba na 2007, ya ƙare a 2021 bayan zango 20, kuma komawa farkonsa yana da wani irin daɗi na daban, domin mutum yana ganin iyalin tun ba su zama abin da suka zama ba, lokacin da Kylie Jenner take da shekara 10 a duniya, uwarsu Kris Jenner kuma tana fafutukar nema wa 'ya'yanta kwangilar talla. A tsakiyar tafiyar ne aka yi auren Kim Kardashian da ɗan wasan ƙwallon kwando Kris Humphries a 2011, auren da aka nuna bikinsa a talabijin kuma bai wuce kwana 72 ba ta nemi a raba shi. Sai dai wanda ke neman sabon labarin iyalin ba a nan zai same shi ba, domin tun 2022 suka koma manhajar kallo ta Hulu da sabon shiri mai suna The Kardashians, wanda ake kallo ta Disney+ a wajen Amurka. Haka nan Selling Sunset da Love Is Blind kayan Netflix ne. Ya kamata mai niyyar yin rajista ya san da wannan tun da wuri: manhajar ba ta tattara duk duniyar shirye-shiryen zahiri ba, galibi amfanin gonar gida ɗaya take kawowa kasuwa.

Ginshiƙin wannan gida kuwa shi ne jerin The Real Housewives, wanda ya faro daga Orange County a 2006, ya haifi na New York da Atlanta a 2008, da New Jersey a 2009, da Beverly Hills a 2010, har zuwa Salt Lake City a 2020 da Dubai a 2022. Tsarinsu ɗaya ne ko'ina: a tara mata masu hali su shida ko bakwai, a haɗa su a liyafa, a kai su wata tafiyar shaƙatawa, a jira wata ta kawo maganar da wata ta faɗa a bayan idon wata. A ƙarshen zango kuma mai gabatarwa Andy Cohen ya zaunar da su, yana tsakiya suna dama da hagu, ya karanto tambayoyin masu kallo, kowace ta zo da hujjojinta, wasu har da saƙonnin waya da aka buga a takarda. Teresa Giudice ta kifar da tebur a wajen cin abinci a zangon farko na New Jersey a 2009, kuma tun daga nan kusan kowace sabuwar shiga take neman nata teburin da za ta kifar. A nan ne nake da ƙorafi a kan salon shirin, domin sau da yawa ana jan saɓani ɗaya, wanda bai fi a kashe shi da ban haƙuri na minti biyu ba, har ya cinye kashi goma. Idan mutum ya jera kashi huɗu ko biyar a zama ɗaya, abin da manhajar ke sauƙaƙawa ƙwarai, sai ya fara ganin ɗinkin rigar: maimaicin abin da ya faru a baya, tallar abin da ke tafe, da kiɗan tayar da hankali a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. An gina waɗannan shirye-shirye ne domin a sha su mako-mako, a bar kwana shida na tsegumi a tsakani.

Wanda ya fi burge ni a duk cikin rumbun shi ne Below Deck, wanda ya fara a 2013 da Kyaftin Lee Rosbach, daga baya ya yi rassa, ciki har da na Bahar Rum a 2016 inda Kyaftin Sandy Yawn ta yi suna. Bambancinsa da sauran shi ne mutanen cikinsa suna da aikin yi na gaske. Jirgin ruwan alfarma ne da attajirai ke haya na kwana biyu ko uku, ma'aikatan kuma sun kasu: masu kula da saman jirgi da igiyoyi da kayan wasan ruwa, masu hidimar ɗakuna da teburi, da mai dafa abinci shi kaɗai a ɗan ƙaramin kicin yana fama da jerin abubuwan da baƙi suka rubuto cewa suna so da waɗanda ba sa ci. Faɗan da ke tashi a nan yana da tushe, domin gajiya ce da ƙarancin barci da ƙuncin ɗakin kwana ke haifar da shi, ba wai wance ba ta gayyaci wance biki ba. Kuma kowace tafiya tana ƙarewa da hukunci mai lamba: shugaban baƙi ya miƙa wa kyaftin ambulan ɗin tukwici, kyaftin ya tara ma'aikata ya faɗi adadin, a raba daidai wa daida, mai ƙwazo da malalaci kowa ya sami kaso ɗaya. Kallon fuskar wadda ta yi aikin mutum biyu yayin da ake miƙa wa raggo irin abin da aka miƙa mata ya fi mini duk wani jifa da kofi a liyafar Beverly Hills. Top Chef, wanda ke gudana tun 2006, shi ma yana cikin wannan sahu na shirye-shiryen da gwaninta ke da daraja a cikinsu, kuma ya dace da wanda ke son gasa ba tare da tonon silili ba.

Kalmar zahiri da ake liƙa wa waɗannan shirye-shirye tana buƙatar a riƙe ta da hannu biyu. Ba a rubuta wa mutanen abin da za su faɗa kalma bayan kalma, amma masu shirin ne ke zaɓar wanda zai zauna kusa da wa, su ne ke tsara tafiye-tafiyen, kuma daga ɗaruruwan sa'o'in da aka ɗauka su ne ke tsamo minti arba'in da 'yan kai da za a nuna. Zaman da ake ware mutum shi kaɗai gaban kyamara yana sharhi, sau da yawa ana ɗaukarsa ne makonni ko watanni bayan faruwar abin, kuma mai lura zai gane hakan daga yadda kaya da gyaran gashi ke canzawa a tsakiyar magana ɗaya. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun The Real World na tashar MTV a 1992 ake amfani da ita, kuma Big Brother, wanda John de Mol ya ƙirƙiro a Holan a 1999, ya ware mata ɗaki na musamman. Sanin haka bai rage mini daɗin kallo ba, sai ma ya ƙara, domin yanzu ina kallon wasa biyu a lokaci ɗaya: na waɗanda ke gaban kyamara da na waɗanda ke bayanta.

Akwai kuma lokacin da raha ke tsayawa cak. A watan Maris na 2021, ana tsakiyar ɗaukar zango na biyu na The Real Housewives na Salt Lake City, jami'an gwamnatin tarayyar Amurka suka iso wurin da matan suka taru cikin mota za su yi tafiya, suna neman ɗaya daga cikinsu, Jen Shah, wadda ta sulale jim kaɗan kafin isowarsu bayan wani kiran waya. An kama ta a ranar. Ta yi ta rantsuwa a gaban kyamara cewa ba ta da laifi, har zuwa watan Yuli na 2022 da ta amsa laifin damfara ta hanyar tallace-tallacen waya, damfarar da da yawa daga cikin waɗanda ta shafa tsofaffi ne, kuma a watan Janairu na 2023 aka yanke mata ɗaurin shekara shida da rabi. A matsayin talabijin, wannan kashi yana cikin mafi ɗaukar hankali da na taɓa gani. Amma da na koma zangon farko na ga liyafofin da take shiryawa da tarin hadiman da ke kewaye da ita, sai na kasa yin dariyar da na yi a karon farko, domin yanzu na san akwai waɗanda aka yashe a bayan wannan ƙawa. A 2023 ma Bethenny Frankel, tsohuwar tauraruwar shirin New York, ta fito ta yi kira da a kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu fitowa a shirye-shiryen zahiri, tana mai cewa ana ci gaba da cin ribar rayuwarsu shekaru bayan an sallame su.

Game da aikin manhajar kanta babu dogon bayani. Tana buɗewa a waya da kwamfuta da talabijin mai intanet, ana iya sauke kashi a ajiye domin kallo inda babu sadarwa, kuma tana tuna inda mutum ya tsaya. A wasu ƙasashen ana iya ƙara ta a matsayin tasha a cikin Prime Video. Ba ta aiki a Amurka, inda manhajar Peacock ke riƙe da shirye-shiryen Bravo, kuma abin da ke cikin rumbun yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa saboda yarjejeniyoyin haƙƙin nunawa, don haka yana da kyau mutum ya duba ko shirin da yake so yana nan kafin ya biya. Rubutun maganganu da ke fitowa a ƙasan allo ya zama dole a zaman ƙarshen zango, inda mata biyar kan yi magana a lokaci ɗaya.

A ganina, manhajar ta cancanci kuɗinta ga wanda ke bibiyar shiri biyu ko uku da ke kan fitowa, kuma yana da abokan da za su tsefe su tare washegari. Wanda ba shi da abokin hira a kan su, ko wanda sau ɗaya a wata yake leƙawa, zai fi cin riba idan ya yi rajista a watannin da shirinsa ke gudana ya dakata idan zangon ya ƙare, tunda biyan na wata-wata ne. Ga sabon shiga kuwa, ba zan tura shi wajen matan Beverly Hills ba, domin sai ya haddace tarihin gabar shekara goma kafin ya gane dalilin harara ɗaya. Ya fara da Below Deck, kowane zango ya ga dama, tunda kusan duk shekara ana sauya yawancin ma'aikatan jirgin, kuma kafin a raba tukwicin farko zai riga ya zaɓi wanda yake so a kora.