Gargaɗi ga direbobi: ku yi hattara da masu tallar "layin map na shekara" haɗe da caja

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi, musamman masu ɗaukar fasinja ta manhaja, da masu kai saƙo a babur, da 'yan dogon zango da suka saba kafa waya a gaban mota tana nuna musu hanya. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, kunya ce ta hana ni, don ni ma sun ci kuɗina. Amma makon jiya aka yashe asusun wani dattijo a tasharmu, kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa zai sauke inji, kuma mutanen nan ne dai. Daga nan na ga shiruna ya fara zama haƙƙi a wuyana.

Wataƙila kun ga tallar. Tana yawo a TikTok da Facebook, ana kuma jefa ta cikin guruf-guruf na direbobi a WhatsApp. Wani matashi ne a cikin mota fes, yana magana da Hausa mai daɗi, yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya: cajar mota da aka rubuta wa wat 65 a jiki, igiyarta, mariƙin waya, rigar waya mai kauri da ya ce tana hana waya ɗaukar zafi. Sai ya ajiye duka ya ɗago layi, ya ce wannan shi ne sirrin, layi ne na musamman da aka tanada don taswira, datarsa ba ta ƙarewa har shekara ta zagayo. Duka naira 28,000, ka ba da rabi, in kaya sun iso tasha ka cika. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa, ta amince wa kamfanonin layi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi a watan Janairun 2025, wa ke ƙin sauƙin data? Na yi lissafin abin da nake kashewa a wata, na ga ko cajar ba ta yi aiki ba na ci riba. Na tura.

Kaya sun zo. A nan dabararsu take, ba irin waɗanda za su toshe lambarka da zarar sun ga alat ba ne. Kwana uku ɗan kamasho ya kira ni in zo in karɓi saƙo, na buɗe, komai yana ciki, na saka layin, data ta hau. Har na shiga guruf ɗinmu na ce wallahi gaskiya ne, na gwada. Mutum biyu sun saya a kan maganata, ɗaya daga ciki shi ne dattijon nan. Na je har gida na nemi gafararsa, ya ce ƙaddara ce, amma har yanzu in mun haɗu a wurin mai shayi ba na iya kallon idonsa sosai.

Bari in fara da layin, don shi ne ƙugiyar, sauran kayan tsutsar da aka maƙala mata ce.

Babu wani abu wai shi datar taswira. Data data ce, wadda kake kallon bidiyo da ita ita ce Google Maps yake sha. Abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma a kansa mutanen nan suke cin abinci, shi ne ɗigon nan shuɗi da yake nuna inda kake ba da data yake aiki ba. Wayarka sauraron taurarin ɗan'adam take yi, na GPS da Amurka ta harba, suna can sama kimanin kilomita 20,000, ga na Turai da na Rasha da na Sin da wayoyin yanzu suke kamawa su ma. Kyauta ne, ko layi babu a wayar za ta san inda take. Abin da data take yi shi ne sauko da hoton titunan, da lissafa maka hanya, da gaya maka inda cunkoso yake. Wannan kuwa ɗan kaɗan yake ci. Bayan abin ya faru na shiga saitin wayata na duba abin da kowace manhaja ta sha a wata: taswirar da nake kunnawa tun safe har dare tana can ƙasa, TikTok da nake kallo in ina jiran fasinja shi ne ya cinye kusan komai. Ashe shekara da shekaru ina zagin taswira a banza. Kowa ya duba tasa, minti ɗaya ne.

Har ma akwai hanyar da ba sai ta sha ɗin ba. A cikin Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama, za ka ga wurin sauke taswira don amfani ba tare da intanet ba. Ka zaɓi yankin, misali daga Kano ka ja har Zariya, ka ƙara wani daga Zariya zuwa Kaduna, ka sauke lokacin da kake da wadatar data ko kana wurin da akwai Wi-Fi. Daga nan ko sabis ya ɗauke maka tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, wayar za ta ci gaba da yi maka jagora. Labarin cunkoso ne babban abin da ba za ka samu ba. Masu aiki da manhajar fasinja dole su bar data a kunne don kira ya shigo, wannan daban ne, amma shi ma ba ya buƙatar wani layi na sirri.

To me ke cikin layin nasu? A rana ta takwas data ta tsaya cak, ina tsakiyar Sabon Gari da fasinja. Na danna *323#, lambar duba ragowar data ce a duk layukan Najeriya tun da aka daidaita lambobin a 2023, sai ga shi ƙarara: datar sati ɗaya aka saya aka zuba, ta ƙare. Da na danna wannan lambar ranar da kayan suka zo, da a tasha zan gane. Ban danna ba, don ina ganin abu yana aiki.

Na kira wanda ya sayar min da kayan. Ya ɗauka, da fara'arsa.

"Maigida, ai ba ka kunna na shekarar ba ne, wannan na gwaji muka saka maka. Zan turo maka wata 'yar manhaja yanzu a WhatsApp, ka saka ta, duk abin da ta tambaye ka ka amince. In wata lamba ta shigo ta tes ka karanto min in ƙarasa maka daga nan."

Na ce me ya sa ba ta Play Store?

"Ai ta kamfani ce, ba kowa ake ba wa ba."

Allah ya taimake ni ƙanena yana gida a daren, shi yake ɗan taɓa harkar kwamfuta. Ya karɓi wayar ya duba fayil ɗin, ya ce Yaya, taswira ce za ta nemi izinin karanta saƙonninka na tes da ganin duk abin da ke kan fuskar wayarka? Me ya haɗa hanya da tes? Ya goge. Dattijon nan ba shi da mai duba masa. Ya saka, ya amince da komai kamar yadda aka ce masa, ya karanto lambar da ta shigo. Lambar ta bankinsa ce. Kafin asuba an fitar da kuɗin, sau uku aka cira. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, ko ya ce daga banki yake, ko daga kamfanin layi, ko daga ina, ɓarawo ne. Wannan ba ya buƙatar bincike.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro fiye da kuɗin. Layin ya zo da rajistarsa. Ban je ko'ina ba, ba a ɗauki hotona ba, ba a ɗauki yatsuna ba. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, ke nan layin da ya zo maka yana aiki, da sunan wani yake aiki, kuma sayar da irinsa laifi ne. Waye wannan wanin? Me aka yi da layin kafin ya zo hannunka? A ƙasar nan da ake bin sawun masu garkuwa da mutane ta lambar waya, kana yawo da layin da ba ka san tarihinsa ba a cikin motar haya, kana shiga gari kana fita. Ranar da aka biyo shi, kai za a tarar. Sannan mai NIN ɗin yana iya zuwa ofis ya ce layinsa ya ɓata, a ba shi sabo, naka ya mutu nan take. In ka riga ka ɗora asusun banki ko manhajar aikinka a kan lambar, duk saƙon sirri wurinsa zai riƙa zuwa. Wanda ya riga ya yi haka ya je banki gobe ya mayar da tsohuwar lambarsa, kada ya jira.

Cajar kuwa, na lura tun satin farko cewa waya tana jone amma caji yana raguwa. In tashi daga Kano da kashi 80, in isa Zariya da 60, alamar caji tana nan a sama tana yaudarata. Na kai wa mai gyaran da nake zuwa wurinsa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ya saka ta a 'yar na'urar nan da suke auna wuta, ya juyo min da ita in gani: bolt 5, amfiya bai kai 1 ba. Ya ce Malam, wannan wat 3 take bayarwa da ɗan ɗoriya, ba 65 ba. Ya ɓalle ta. A ciki ɗan allo ne kamar farcen yatsa, babu fiyus, sai wani guntun ƙarfe da aka manna da gam don in ka ɗaga ka ji nauyi ka ce mai kyau ce. Ni da nake auna caja da tafin hannu, ranar na daina.

Ya yi min bayanin da ya zauna min. Soket ɗin mota bolt 12 ne a suna, in inji yana aiki yana haura 14, manyan motoci kuma 24 ne. Aikin caja shi ne ta sauko da wannan zuwa abin da waya za ta iya sha, ta kuma tare duk wani tsallen wuta, musamman lokacin tayar da mota. Wadda ba ta da abin tarewa, ranar da ta gaza, wutar motar kai tsaye za ta wuce cikin waya, abin da ke ƙonewa kuma shi ne sashen caji na kan allon wayar, gyaran da ya ninka kuɗin caja mai kyau sau da yawa. Ita kuma waya in tana nuna hanya, fuska a kunne da cikakken haske saboda rana, GPS yana aiki, data tana aiki, abin da take ci ya fi abin da jabun take ba ta. Ya ce in nemi wadda take ba da aƙalla amfiya 2.4, wato wat 12, ko mai saurin caji ta wat 18 zuwa sama in wayata tana karɓa, kuma kada in saya sai an auna a gabana. Igiya ma a auna, don siririyar waya a ciki tana cinye wutar a hanya. Masu shago na gaskiya ba sa jin haushin a ce su auna.

Rigar wayar ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Roba ce mai kauri, ba ta hana zafi, riƙe shi take yi. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle bayan gilashin mota da azahar. Waya in ta yi zafi da kanta take rage haske ta dakatar da caji, in aka matsa mata batir ya kumbura. Cire rigar in za ka yi doguwar tafiya, ka kafa wayar inda rana ba ta dukanta, gaban iskar AC in kana da shi. Ga maganaɗisun da suka saka a bayan rigar, shi ne ya sa kibiyar taswira take juyawa kamar mai hajijiya duk lokacin da na tsaya a shataletale, don yana rikita abin da waya take gane gabas da yamma da shi. Mariƙin ne kaɗai abin kirki a kwalin, shi ma ya saki gilashi a ramin farko bayan Kura.

Wanda ya riga ya saka manhajar tasu: ya kashe data yanzu, ya kira bankinsa da wata wayar a rufe asusun, bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa a toshe asusu ko daga wayar wani ce, ya kamata kowa ya haddace ta bankinsa. Sannan a kwashe hotuna da lambobi a wanke wayar gaba ɗaya, goge manhajar kawai ba ya ba ni natsuwa. A canza lambobin sirri. A ajiye hoton hirar, da rasit, da lambar asusun da aka tura wa kuɗi, a kai banki da ofishin 'yan sanda da wuri, don in kuɗin bai bar asusun da ya faɗa ba akwai ɗan fata. Maganar layin kuma ana iya kai ƙorafi ga NCC ta 622, kiran kyauta ne.

Mun kai ƙorafin dattijon. An karɓa, an ce ana dubawa. Shafin da na saya a wurinsa ya ɓace kwana biyu bayan na fara magana a guruf, amma shekaranjiya wani abokin aikinmu ya turo min wata sabuwar talla: sunan shafin daban, matashin daban, farashin ya koma 32,000, an ƙara fitilar cikin mota a matsayin kyauta. Na tsayar da bidiyon na ƙara girman hoton cajar. Ita ce, har da rubutun wat 65 ɗin da ya ɗan karkace.